Kafin Ka Kama Hanyar Satun

Hindawiyya, Jidda.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Faisal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke ka lafiya a ƙasar Tailan, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da uwa ba ka da uba. Na san Hausarka ta ji ta fi ta faɗa ƙarfi, karatunta ma don Ummanka ta matsa maka ne ka iya. Ka bi takardar nan a hankali. Da Larabci nake sayen burodi, da shi nake magana da kafili, Balaraben da takarduna ke hannunsa, amma abin da zan gaya maka yau ba zai fito mini da Larabci ba.

Zan fara da ranar Talatar da ta wuce, don na san tana ranka. Muna shirin cin abincin rana ka shigo da taswirar da ka bugo, ka shimfiɗa ta a gabana kana murna.

Ka ce, "Baba, shuf, duba nan. Ga Tarang, inda kamfanin kifin gwangwani zai ajiye ni. Ga Satun nan ƙasa kaɗan, awa biyu da wani abu ne a mota. Ba nan ne garin abokinka Sama'ila da ya rasu ba? Ranar hutu sai in ɗauki hayar mota in je in nemi iyalinsa, in gaishe maka da su."

Ni kuwa na daka maka tsawa a gaban ƙannenka. Na ce aiki aka tura ka ko yawo? Na naɗe taswirar na jefar bayan ƙofa. Ka dube ni, ka ce, "Halas, shi ke nan, Baba," ka tashi ba ka ci komai ba.

Ba ka yi laifi ba, ɗana. Tsoro ne ya kama ni, ni kuma tun ina saurayi in na ji tsoro sai in yi faɗa. Kun tashi kuna ɗauka ni mai zafin rai ne, alhali yawancin tsawar da kuka sha a gidan nan ta mutum ce da gabansa ke faɗuwa. Kada ka ɗauki wannan hali a wurina. In ka ji tsoro a inda za ka, ka ce tsoro nake ji. Ba wanda zai rage ka da komai.

Abin da kuka sani game da Sama'ila shi ne abokina ne, mun yi haɗari tare a hanyar Makka, ya rasu ni na rayu. Ga sauran.

Lokacin ina direba a wata masana'antar ƙofofin ƙarfe a Madinar Masana'antu. Ban daɗe da samun iƙama, takardar izinin zama, ba, bayan shekarun da na yi ina ɓuya tun zuwana daga Maraɗi. Motar da ke hannuna ƙaramar a-kori-kura ce, irin wadda ake ce wa wanet, da ita nake kai ƙofofi wuraren gini. A zamanin nan 'yan Tailan sun cika masana'antu. Sama'ila mai walda ne, ɗan gajere, duk hannunsa tabon wuta. A yarensu Sama'e suke ce masa, ni na mayar da shi Sama'ila, shi kuma ya kasa faɗin Isuhu sai ya riƙa kira na Yusuf. A masallacin masana'anta muka saba. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, amma muna fahimtar juna. Kullum da rana mukan zauna a inuwar motata, ya buɗe shinkafarsa da wani yaji mai warin kifi, ni in buɗe tuwon da Ummanka ta ƙunsa mini. Ranar da na fara ɗanɗana yajin nan sai da hawaye ya zubo mini, shi kuwa ya yi ta dariya har ya kwanta a ƙasa.

A wurin nan ne na san Satun ba tare da na taɓa ganinta ba. Ya ce garinsu ruwan sama ba ya ɗaukewa, ko'ina itatuwan roba ne da masallatai, teku kuma na kusa. Yana da mata, da 'ya mace mai shekara huɗu, Maryam. Hotonsu na cikin wata leda a aljihun rigar aikinsa, duk zufa ta cinye gefensa.

Da kwantiraginsa ya ƙare, saura mako biyu ya koma gida, sai ya ce yana so ya yi umara ta bankwana. Motocin haya na nan cike a tashar Bab Makka, da ya shiga ɗaya da yanzu wataƙila yana can cikin jikokinsa. Ni na hana shi. Na bugi ƙirji na ce, "Kana da aboki direba za ka shiga motar haya? Ranar Juma'a ni zan kai ka."

Ban nemi izinin mai masana'anta ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni. Kwana uku kafin nan, wani Basudane mai faci da nake zuwa wurinsa ya duƙa ya shafa tayar gaba ta dama, ya ce, "Ya Yusuf, wannan tayar ta mutu. Zarenta ya fito. Ka gaya wa masu motar yau." Na san in na faɗa za a kai motar gareji, ba za ta fito ba sai bayan Juma'a, alkawarina ya tashi. Sai na ce masa, "Bayan Juma'a, in sha Allah."

Don haka, Faisal, duk motar da za su ba ka haya a Tarang, kada ka tsaya kallon fentinta. Ka duƙa, ko da kayanka masu kyau ne, ka shafa tayoyin nan huɗu da hannunka, ka sa a fito maka da ta biyar ka gani. Ka taka birki tun kana cikin harabar wurin. In wani abu bai kwanta maka ba, ka mayar musu da makulli. Kunyar mai ba da haya ta minti biyar ce. Kuma kada ka tafi mutanen kamfaninku ba su san inda ka nufa ba.

Mun yi da shi za mu tashi bayan sallar asuba. Amma da safen wani maƙwabci ya roƙe ni in kai masa firji Madain Fahd, ni kuma ban iya cewa a'a ba, ina son a ce Isuhu mai kirki ne. Kafin in je in dawo, in yi wanka in ɗaura harami, rana ta take. Na tarar da Sama'ila zaune a kan bulo a ƙofar masaukinsu, sanye da haraminsa tun asuba. Bai yi ƙorafi ba. Murmushi ya yi ya ce, "Yalla, mu tafi."

Ina so mu samu Juma'a a Masallacin Harami, sai na taka mota. Ta tsohuwar hanya muka bi, kwalta ta yi zafi har tana walƙiya. Yana ta talbiyya a hankali, can ya dafa gaban motar da hannu biyu ya ce, "Yusuf, shwayya shwayya, rage gudu. In mun rasa Juma'a mu yi azahar." Na yi dariya na ce masa matsoraci, na ƙara wuta.

Mun wuce Bahra kaɗan tayar ta fashe. Na ji ƙarar, na ji sitiyari ya ƙwace daga hannuna, daga nan sai na gan ni kwance a kan yashi, kafaɗata kamar ba tawa ba. Motar na can kife. Sama'ila yana kwance taku kaɗan daga inda nake. Na ja jiki na isa wurinsa. Leɓensa na motsi, ban ji abin da yake faɗa ba, na dai riƙe hannunsa ina maimaita masa kalmar shahada har motsin ya tsaya.

Ka tsara tafiyarka yadda ba abin da zai kore ka. Ka tashi da safe bayan ka karya, kada ka karɓi saƙon kowa a ranar. In ka makara, ka ɗaga zuwa wani makon, Satun na nan. Kuma in wanda ke gefenka ya ce ka rage gudu, ka rage, ko da kana ganin ka fi shi sanin mota.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Masu wucewa suka tsaya, aka rufe shi da mayafin haraminsa. Can askari, ɗan sandan hanya, ya iso da littafinsa. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Wane ne direban?"

A lokacin, direban da rai ya salwanta a hannunsa ana tsare shi har sai an gama shari'a, baƙo irina kuma daga nan sai jirgin gida. Ummanka na da cikin yayarku wata bakwai, takardunta ba su kammala ba, ba ta da kowa a Jidda sai ni. Duk wannan ya zo mini a lokaci guda. Ba na kawo shi don in wanke kaina, ina gaya maka abin da ya ratsa zuciyata ne kawai. Na ɗaga hannuna mai lafiya, na nuna gawar abokina.

Ko baki ban buɗe ba. Askarin ya rubuta abin da aka nuna masa. Da harami a jikina na yi wannan, Faisal, a kan hanyar Ɗakin Allah.

Na zaci abin ya tsaya a nan. Amma da aka zo asibiti aka tambaye ni yadda makulli ya je hannunsa, sai na ce shi ya ɗauka a aljihuna, ni na biyo shi ne don in lallashe shi. Aka kawo takarda na sa hannu. Mai masana'anta ya zo duba ni da ledar inabi, yana tsine wa mamacin, yana ce mini, "Miskin, kirkinka ne ya ja maka." Na ci inabin. Masana'anta ta rubuta wa iyalinsa cewa ya ɗauki motar aiki ba izini ya kife da ita. Aka binne shi a Makka ina kwance.

Mutum ɗaya ne ya gane. Wani dattijo ɗan ƙasarsu da suke ɗaki ɗaya ya zo asibitin, ya tsaya daga ƙafar gadona, ya ƙi zama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sama'e babur kawai ya iya." Na juya fuskata bango. Da na waiwayo ya tafi. Bai kai ƙarata ba, ban san dalili ba, wataƙila shi ma baƙo ne mai tsoron ofis. Har ya bar ƙasar bai sake amsa sallamata ba.

Ɗana, za ka zauna a ƙasar da ba ka jin yarenta, wata rana kuma za ka yi kuskure, a wurin aiki ko a kan titi, wani mai littafi ya tsaya a kanka. Zuciyarka za ta kawo maka hujjoji masu kyau, har da mu iyayenka a ciki. Ka faɗi gaskiya a tambayar farko. Ni da na faɗa, da na yi wata shida ko shekara a tsare, a mayar da mu Maraɗi, mu sha wuya mu warke. Ga shi an kusa shekara talatin ban warke ba.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo masana'anta da sunana a bayan ambulan, Yusuf Direba. Matarsa ce. Ashe yana ba ta labarina a wasiƙunsa. Na kai wa wani tela Bafatane a nan Hindawiyya, mutumin kudancin ƙasarsu, ya karanta mini yana fassarawa, ƙafarsa a kan keken ɗinki. Ta gode mini da na zama ɗan'uwa ga mijinta a baƙunta. Ta ce abin da ke sanyaya mata rai shi ne ya cika da harami. Sannan ta ce a unguwarsu ana ta magana cewa satar mota ya yi, har yara na faɗa wa Maryam a makarantar allo. Ta ce, mijina bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, kai kana wurin, ka rubuto mini yadda aka yi, in karanta wa mutane a masallaci.

Telan ya cire tabarau ya ce, "Kawo takarda in rubuta maka amsa yanzu, ba sai ka ba ni komai ba."

Na ce masa gobe. Daga ranar na canja hanyar da nake bi zuwa kasuwa.

Kun sha tambayar Ummanku me ya sa babanku direba ne amma bai taɓa kai ku Makka da kansa ba, kullum sai motar haya. Ka tuna da ka kai shekara goma sha bakwai, ka roƙe ni in koya maka tuƙi na ƙi, sai a wurin maƙwabci ka koya a ɓoye? Na san ka ɗauka raina ka na yi. Ba haka ba ne. Ba na iya ganin wanda nake so a kujerar gefena. Na yi ta jigilar ƙarfe da siminti shekara da shekaru, amma mutum, a'a. Shirun da na yi don in tsare gidan nan shi ya sa kuka tashi da uba wanda ke zaune a tsakar gida kamar baƙo. In Allah Ya ba ka iyali, kada ka ɓoye wa matarka abin da ke cin ka da sunan tausayinta. Za ta ɗauki nauyin duk da haka, ba tare da ta san na mene ne ba.

Shekaranjiya na gaya wa Ummanka. Tana tsintar shinkafa a faranti, ta saurare ni har ƙarshe ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Da cikin nawa ka fake, Malam?" Na ce e. Ta ce, "Da ka tambaye ni, da na ce ka faɗi gaskiya, in haihu a Maraɗi." Ta ɗauki farantinta ta shiga kicin. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Amma jiya na ga ta sayo dabino mai kyau da tsarabar mata, turmin yadi da turare, ta ɗaure daban ta rubuta Satun a kai. Suna cikin babbar jakarka.

To, ka je. Abin da na hana ka ranar Talata, yau ni nake roƙonka. Sai dai kada ka yi gaggawa. Ka bari ka yi wata biyu ko uku, idonka ya saba da titinsu, don an ce mini ta hagu suke tuƙi, sitiyari kuma a dama, hannunka zai riƙa kai ka inda ka saba musamman a kwana da shataletale. Babura sun yi yawa a can, mata da tsofaffi duk a kansu suke, sukan fito daga cikin gonakin roba ba sanarwa. Ruwan sama kuma ba irin namu ba ne na sau biyu a shekara. In ya sauko har ba ka ganin gabanka, ka sauka gefe wurin mai shayi ka jira. Kada ka shiga ruwan da ya rufe kwalta don ka ga wani ya shiga.

Ka ce akwai wani ustazu a kamfanin da ya yi karatu a Madina, yana jin Larabci. Ka roƙe shi ya raka ka, in ya yarda ma shi ya tuƙa. Ka gaya masa abin da ke tafe da ku tun kafin ku tashi, kada ya ji shi a bakin ƙofar mutane. Na sa maka ambulan ɗin matar a cikin wannan takarda, adireshin na baya da rubutunsu. Ya tsufa, mai yiwuwa sun tashi. In kun isa ku fara da masallacin unguwar, ku tambayi liman iyalin Sama'e mai walda da ya rasu a Saudiyya. Ku je da hantsi, ba ranar Juma'a ba.

Akwai takarda ta biyu a ciki. Na koma wurin telan nan. Ya tsufa ƙwarai, ɗansa ke riƙe da shagon, amma ya gane ni, ya ce, "Ka zo amsar?" Na faɗa masa komai ya rubuta da yarensu, na sa hannu a ƙasa da cikakken sunana da lambar wayata. A ciki na ce ni ne direban, ni na ɗauki motar, na san tayar ta lalace, Sama'ila bai taɓa sitiyarin ba, kuma ya ce in rage gudu na ƙi. Na ce duk hakkin da shari'a ta ɗora mini ina nan, ban gudu ba. Ka miƙa wa matar da hannu biyu. In ta riga mu gidan gaskiya, ka ba Maryam. Ka ce ina roƙo a karanta a masallaci kamar yadda uwarta ta nema.

Ban san yadda za su karɓe ka ba. Mai yiwuwa su yi kuka, mai yiwuwa su kore ka da tsarabarka. In sun zage ni, kada ka kare ni, kada ka ce ai babana mutumin kirki ne. Ka sunkuyar da kai ka saurara. Ba kai ka yi ba, kuma ka yafe mini da na aike ka da kayan da ni ya kamata in ɗauka tun ƙafata na da ƙarfi. In sun ce sun yafe, ka kira ni a wurin in ji da kunnena. In sun ce ba su yafe ba, kada ka roƙa sau biyu. Hakkinsu ne. Ka yi musu sallama da ladabi, ka tsaya a hanya ka ci abinci ka huta, kada ka tuƙa da zuciya a cike. Ka koma Tarang da sauran rana.

Abin da za ka ɗauke ni bayan ka karanta wannan, ban sani ba, ba kuma zan tambaye ka ba. Duk yadda ka ga dama ka yi da ni, ka dai riƙe sallarka, ka riƙa kiran Ummanka duk mako.

Allah Ya jiƙan Sama'ila, Ya tashe shi yana talbiyya. Allah Ya kai ka Satun lafiya, Ya mayar da kai Tarang lafiya, Ya dawo mana da kai Jidda muna raye. Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, Ya tsare mutane daga hannunka kamar yadda nake roƙon Ya tsare ka daga nasu. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiya ba ta ɓacewa a wurinSa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isuhu